Rakiyar Yohanna Kafinta

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Yohanna kafinta, kuma har yau akwai abu guda da nake cewa da ma ban yi masa ba. Duk wanda ya gan ni a lokacin zai ce tausayi ne, ni ma haka na ɗauka. Hana shi yi mini rakiya na yi, kuma da rantsuwa na hana shi.

A kasuwar katako ta Dei-Dei muka haɗu, tun muna da ƙarfinmu. Shi daga wani ƙauye na Filato ya zo, yana haɗa ƙofofi da tagogi. Ni daga wajen Funtuwa, ina sayar da ƙusa da kwaɗo da sakata a rumfar da ke kallon tasa. Shi Kirista, ni Musulmi. Ran Juma'a shi ke duba mini rumfa har in dawo daga masallaci. Yana kirana Malam Ƙusa, ina kiransa Oga Kafinta, da waɗannan sunaye muka yi furfura.

Ran Lahadi bayan la'asar nakan je gidansa, a wata unguwa da ke bayan kasuwa inda kwalta ta ƙare. Matarsa, Maman Rahila, ta kawo mana gwaten acca, mu ci, mu yi ta hirar tsadar katako da ta 'yan siyasa, yara na shiga suna fita. Amma maganar da ke cin ran mutum ba a tsakar gida muke yin ta ba. Sai na ce zan tafi, ya zura silifas ya ce, "Bari in taka maka." Daga ƙofarsa zuwa bakin titi inda nake shiga motar Zuba ba nisa: a wuce bishiyar mangwaro, a haye kwalbati, a bi ta gaban mai shayi. A wannan 'yar tafiya na gaya masa babban ɗana ya fara shaye-shaye, abin da ko ƙanena ban gaya wa ba. A nan shi ma yake sauke nasa. Idan mutum biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon idon wani, magana da kanta take fitowa. Wani lokaci mu kai titi ba mu gama ba, in juyo in rako shi har mangwaro, shi kuma ya sake mayar da ni. Mai shayin ya taɓa tsayar da mu ya ce don Allah mu gaya masa wane ne baƙon a cikinmu.

Sai ciwon suga ya kama shi, gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Wata Lahadi na ga yana yunƙurin tashi da kyar, yana lalube silifas da ƙafar mai lafiya. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Wallahi ba za ka taka ko'ina ba, Oga Kafinta. Zauna abinka." Ya dube ni, ya koma ya zauna. Yohanna ya daɗe cikin Musulmi, ya san nauyin rantsuwa a wurinmu, ya san idan ya tashi ya ja mini kaffara. Don ya kare mini rantsuwata ya zauna. Ni kuwa da na ga ta yi aiki, sai na mayar da ita abin yi kowace Lahadi.

Daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya dawo gida ya yi shiru. In je, mu gaisa, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi, mu zauna muna kallon kaji. Na ɗora wa ciwo laifin shirun. Har na fara tsallake wasu Lahadin, ina gaya wa kaina hutu yake buƙata.

'Yarsa Rahila, wadda ke aikin jinya a cikin gari, ita ta kawo masa wani keke mai caji. Ƙarami ne mai ƙafa uku, da kujera mai majingina, da kwando a gaba, batir ɗinsa a ƙarƙashin kujera, ana jona shi a bango kamar waya. Na hannu ne, jan fentinsa ya fara kojewa. Ita nufinta ya riƙa zuwa coci da kantin magani ba sai an ɗauke shi ba. Da na gan shi a tsakar gida, a raina na ce kayan wasan yara ne aka saya wa dattijo.

Da na tashi tafiya a ranar, na buɗe baki kamar kullum, sai ya ɗaga mini hannu.

"Malam Ƙusa, kada ka rantse yau. Ka ga jirgi na nan."

Ya ja jiki ya hau, bai yarda kowa ya kama shi ba. Akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa don sauri, hoton zomo a gefe guda, na kunkuru a ɗaya gefen. Ya murɗa shi can ƙarshe ya ce, "Na sa maka kunkuru. Daidai da kai ke nan."

Muka fita. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗan sautin taya a kan tsakuwa. Da babur ne ko keke mai shan fetur, da sai mun yi ihu kafin mu ji juna, kuma da ya bar ni a baya. Wannan kuwa yana tafiya daidai takuna, kan Yohanna a saitin gwiwar hannuna. Muna isa mangwaro ya tsaya. Bai dube ni ba, titi yake kallo.

"Lokacin da likita ya ce sai an yanke, tsoro ya kama ni, Malam. A gaban Maman Rahila ba zan faɗa ba, ita ma da kyar take tsaye. Ina ta jiran Lahadi. Ka zo, ka rantse, ka tafi."

Na kama bakin kwandon na riƙe kamar wani zai ƙwace shi. Can ya ce, "To, ya wuce. Mu je kada motarka ta cika."

Daga ranar hirarmu ta dawo, kuma ba ta sake yankewa ba sai da mutuwa ta yanke ta. Keken ba ya rasa matsala. In an yi ruwa, taɓo ya hana shi fita. Bakin kwalbatin ya karye, sai da Yohanna ya sa aka kawo masa katako ya yi wa wurin 'yar gada, har masu baro suka samu sauƙi. Wuta kuwa a unguwar sai ta ga dama. Wata rana batir ya mutu mana a gaban mai shayi, na tattare babbar riga na turo shi har gida, yana zaune yana ba ni umarni kamar direban tirela. "Tura, Malam Ƙusa, ladan naka ne. Hagu, hagu, za ka jefa oga a kwata!" Sai bayan rasuwarsa Maman Rahila ta gaya mini cewa duk makon da wuta ta yi wuya, ba ya taɓa keken, ko coci sai dai maƙwabta su ɗauke shi a mota. Yana ajiye cajin ne don yammacin Lahadi.

Yanzu idan na shiga gari ina ganin abin da bai gani ba. Tun da fetur ya yi tsada, babura masu caji sun fara yawa, masu kai saƙo suna wucewa ta gefenka ba ka ji zuwansu ba. A bakin tafkin Jabi na ga samari a tsaye kan wasu 'yan ƙananan kekuna suna sulalawa. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai fara ƙwanƙwasa jikin abin da ɗan yatsa ya ji ko aikin kirki ne. Zai ji daɗin sola, wutar hasken rana, don da yana da ita da bai taɓa rowar caji ba. Zai yi faɗa kan kwatocin da ba murfi da matattakalar da ke ƙofar kusan kowane shago da masallaci da coci, ya ce kafinta ɗaya da katako biyu sun isa su gyara. Kuma na tabbata zai dubi samarin nan ya ce, "Duk sun sa zomo. Wa za su raka a haka?"

Ni ma yanzu gwiwoyina sun gaji. Na bar rumfa wa yara, ina gida a Zuba. Baƙi suna zuwa gaishe ni, in yunƙura, su ce, "Baba, don Allah zauna." Wasu har da rantsuwa. Ina komawa in zauna, in bi bayansu da kallo har su sha kwana, maganar da na tanada tana nan a ƙirjina. Sai yanzu na san irin zaman da na sa abokina ya yi.

Bara Rahila ta zo da keken a bayan a-kori-kura. Tun rasuwar babanta yana lulluɓe da tamfol, ta sa masa sabon batir. Ta ce, "Baba Sule, Mama ta ce naka ne." Da shi nake zuwa masallaci da kantin magani. Ranar da ta kawo shi, da ta tashi tafiya ta fara cewa, "Baba, zauna," na ce kada ta ƙarasa. Na hau, na duba maɓallin, yana nan kan kunkuru inda ya bar shi. Na raka ta har titi. A hanya ta gaya mini wata damuwa da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, kuma a hanyar maganar za ta zauna.

Ƙofofin da Yohanna ya haɗa suna nan a gidajen mutanen da ba su san sunansa ba. 'Yar gadar kwalbati ruwa ya tafi da ita. Abin da ya rage mini nasa shi ne jan keken nan da 'yar tafiyar da ke tsakanin ƙofa da titi.

Roƙona ga mai karatu guda ne. Idan ka je gaida tsoho ko mara lafiya, ya yunƙura ya ce bari ya taka maka, da sanda ne ko da keke, ka bar shi. Ka rage sauri, ka yi tafiya daidai da shi. Kuma don Allah kada ka rantse.