Ƙwallayen Dabino Bakwai na Yaya Iyatu

Yayata Iyatu ta girme ni da shekara huɗu, amma kada ka tambaye ta, don za ta iya ce maka biyu, gobe kuma ta ce tara. Mai kitso ce a Limawa, nan cikin Dutse. Amaryar da ba ta zauna a gaban Yaya ba, to ba ta yi kitson biki ba. Shuku, kalaba, zane, hannu kawai ke tafiya, tsaga ta fito sambal. Ka tambaye ta guda nawa ta kitsa, sai ta harare ka. Izu goma na Alƙur'ani a kanta suke, amma lambar wayarta sai da na rubuta na liƙa mata a bayan wayar.

Tun muna yara a Taura haka take. A aike ta ta auno gero mudu uku, ta dawo da biyar tana nishi. A firamare ta sha bulala har malamin lissafi ya gaji, aka ce ba ta da kai, ta bar makaranta a aji huɗu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ni ce sarauniyar tsokana. "Yaya, kaji nawa ne a akurkin nan?" Sai mu kwashe da dariya.

Har sallah abin bai bari ba. Raka'a ba ta zama mata a kai. Azahar takan kai mata biyar, kuma da wuya ta yi sallama ba ta bi da ba'adiyya ba. Nakan ce Yaya ta fi kowa kyauta, ita har a sallah gyara take bayarwa. Wani malami ya ce waswasi ne, shaiɗan ne ke wasa da ita. Ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, shiru.

Bara ɗanta Abdulbaƙi ya biya mata kujerar Makka. Muna ta guɗa, sai ta ce, "Ku ba wani."

Na ce, "Yaya, kanki ɗaya kuwa? Makka fa aka ce!"

Ta ce ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, jifa bakwai-bakwai, wa zai riƙe mata? Saura mako uku a rufe karɓar fasfo, ita kuma ta kai nata ƙarƙashin katifa ta danne.

Ni da na riga ta zama Hajiya, sai na ɗaura ɗamarar koyarwa. Akwai bishiyar dabino a tsakar gidanta. Na ce ta zagaya ta sau bakwai, na zauna a kujera 'yar tsuguno ina kallo. Zagaye huɗu ta tsaya, ta ce ta gama. Aka sake. Wannan karon sai da ta yi sha ɗaya, akuyar gidan na biye da ita tiryan-tiryan. Wallahi na yi dariya har ɗankwalina ya faɗi. Da na ɗago, sai na ga Yaya zaune a gindin dabinon, hawaye na zuba.

Ta ce, "Safiya, wanda ya bi ni cikin sallah shekara da shekaru, shi zai bi ni har Ka'aba. In je ɗakin Allah a ga a fili cewa zuciyata ba ta da tsarki?"

Ashe abin da nake wa dariya tun ƙuruciya, ita da shi take kwana tana tashi, tana ganin Allah bai karɓi sallarta ko ɗaya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

'Yata Ruwaida, malamar firamare, ita ta kawo mafita. Ta ce, "Umma, ina da yarinya a ajina irin Inna Iyatu sak. Akwai wata malama a jami'a, Dakta Mahbuba, aikinta ke nan gwada masu irin wannan."

Yaya ta ce ita da jikoki za a kai ta jarrabawa? Na ce ko a baro ne sai na tura ta.

Dakta Mahbuba ba ta yi garaje ba. Sai da ta tura mu asibiti aka duba ido da kunne. Ta tambayi tun yaushe abin ya fara, don ta tabbatar ba mantuwar tsufa ba ce. Mantuwa? Yaya ta jero mata sunayen amaren da ta yi wa kitso da na iyayensu har Dakta ta ɗaga hannu. Sannan aka fito da katuna masu ɗige-ɗige.

"Inna, ɗigo nawa ne nan?"

Yaya ta sa yatsa tana bi ɗaya bayan ɗaya, ta ɓata, ta sake. Ta ce, "'Yata, ke da kika yi karatu, ki ƙirga mana."

"To, ƙirgo mini daga ashirin zuwa baya."

"Ina fama da gaba, ki ce baya?"

Amma da aka ba ta zane ta kwaikwaya, da labari ta maimaita, ta yi fiye da yadda ni zan yi. Zuwa biyu muka yi. A na biyun Dakta ta ce sunan abin diskalkuliya. Wasu haka ake haihuwarsu, ƙwaƙwalwarsu lafiya lau, amma lamba ba ta kama musu. Ba daƙiƙanci ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ba ƙwayar da za a haɗiya ya tafi. Dabara ake yi masa, a cire ƙirgen daga kai a mayar da shi hannu.

Yaya ta ce, "Ba shaiɗan ba ne?"

Dakta ta ce, "Inna, ni ba malamar addini ba ce. Amma abin da ya hana ki riƙe raka'a, shi ya hana ki ƙirga ɗigon nan, kuma katin nan ba sallah ba ne."

Yaya ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na juya ina gyaran ido.

Muna komawa gida ta ɗaga katifa da kanta, ta ɗauko fasfon. Ta ɗinka aljihu biyu a cikin hijabinta, ta tsinci ƙwallon dabino, Ruwaida ta ƙirga mata bakwai. Zagaye ɗaya, ƙwallo ɗaya ya tashi daga dama ya koma hagu. Aljihun dama ya zama fanko, an gama. Har akuyar ta koyi tsayawa a na bakwai.

Ranar da ta dawo daga Makka, bayan gida ya yi sauƙin mutane, ta ja ni ɗaki ta zube ƙwallayen a tafina. Ashe ba da lamba ta riƙe su ba, kowanne suna ta raɗa masa, tana yi wa mai sunan addu'a a zagayensa. Wannan mahaifiyarmu, wannan Abdulbaƙi, wannan Dakta. Mai tsagar nan malamin lissafinmu, ta ce shi ma bai sani ba ne.

Ta ɗauki wani ɗan karkatacce. "Wannan ke ce. Ke nake bari ƙarshe, in na taɓo ki na san na gama."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ke Safiya, tun a Makka na yafe miki. Sau nawa ne dai, kada ki tambaye ni."