Taliyar da Baba yake karyawa

Shekara biyar ke nan da muka kai Baba makwancinsa, kuma har yau ba na iya wuce ɗan gidan abincin nan na Bulpiela ban waiga ba. In ce wa mai keken hayar nan, yelo-yelo, ya rage gudu, in kuma ce ya wuce, ba komai. Ba zan ja ku da dogon wa'azi ba, ba ni da haƙurinsa. Abin da ya hana ni zama wannan mako ɗaya ne: ran Juma'a za a yi wa Baba addu'ar shekara, ni da ƙanwarsa Goggo Hawa kuwa mun kasa shiryawa kan abincin sadaka.

Baba mahauci ne a Moshi Zongo. Ba kwaɗayin abincin Turawa ya kai shi wurin ba, nama ne. Wani dattijo ɗan Italiya ya auri 'yar Tamale, Mma Fati, suka buɗe gidan abinci, ita kuma ta ce naman da ba Musulmi ya yanka ba ba zai shiga tukunyarta ba. Baba ke kai musu, ya daddatse shi da wuƙa har ya yi laushi. Wata rana Baturen ya zaunar da shi, ya ajiye masa taliya da jar miyar nama, an barbaɗa cuku a kai. Baba ya ɗaga taliyar ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "To, ina wachen?" Mu nan ai taliya 'yar rakiya ce, a yafa ta kan wache, wato shinkafa da wake, a ɗiga soyayyen yajin shito, shi ke nan. Bai taɓa jin ta zama abinci ita kaɗai ba.

Ya ci, ya kamu. Daga nan rigima ta fara. Baba ya ce ba zai ci da cokali mai yatsu ba alhali Allah ya ba shi nasa yatsun, doguwar taliya kuwa ba ta ciyuwa da hannu. Sai ya sa Mma Fati ta riƙa karya tasa kafin ta zuba a ruwa. Da Baturen ya ji ƙarar, sai ya shigo dafe da ƙirji, ya ce da karyayyiyar Hausarsa, "Alhaji, ka kashe ta."

"Sana'ata ke nan, aboki," in ji Baba. "Kuma na yi bisimilla."

Kowane zuwa sai sun yi wannan. Ni da yake ɗauka a bayan babur, ina ɓangaren Bature, ina naɗe tawa doguwa a cokali ina yi wa Baba gwalo. Har yau ina ganin Bature ne da gaskiya. Baba dai yakan suɗe yatsu ya ce sabo turken wawa, a bar shi a turkensa.

Da zai leƙo yanzu, ban san me zai ce ba. Baturen ya tafi gida jinya, bai dawo ba. Naman yanzu inji ne ke niƙa shi, daga firji yake fitowa, na dai tabbata tambayar Baba ta farko ita ce wa ya yanka. Mutane na yin oda ta waya, a kai musu a leda ya huce, babu mai shiga kicin ya yi musu da kowa. Mma Fati gwiwa ta hana ta tsayuwa, ƙarshen watan nan za ta rufe, an ce shagon waya za a buɗe. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, tamu kuwa gab take.

Shi ya sa na ce bana a yi sadaka da taliyar. Goggo ta ce, "'Yar nan, sadakar mamaci masa ce. Malamai za ki ba igiyar Turawa?" Na ce, "Goggo, masa ba ta taɓa sa Baba ya tsallake gari ba." Ta ce ba don cikinsa ake yi ba, don ladansa. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Amma in wurin ya rufe ban yi komai ba, wa zai tuna Baba mutum ne mai kwaɗayi da gardama, ba suna kawai da ake kira cikin addu'a ba?

Jiya na je wurin Mma Fati na ce ta koya mini. Ta zauna a kujera tana umarni: albasa tukuna, kada ki gaggauta tumatir, ke kullum sauri. Da ruwa ya tafasa ta miƙo mini taliya. Ban yi tunanin komai ba, sai na ji ƙas a hannuna. Na karya ta biyu.

Mma Fati ta yi dariya, sannan ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Baba bai bar gida mai bene ba, wuƙaƙensa ma an raba. Abin da ya bari yana hannuna, ban sani ba sai jiya. Ran Juma'a Goggo ta soya masarta, ni in ajiye tukunyata kusa da ita, karyayyiya, babu cokali ko ɗaya. Malamai su wanke hannu. Allah ya jiƙan Baba, ya kai masa ladan duka biyu.