Tulun Gilashi Cike da Man Shanu

'Yata ta fari ta koyi aikin gilashi a makaranta a Zariya. Wai narka fasassun kwalabe ake yi a wuta, a ɗebo da bakin dogon bututun ƙarfe, a yi ta hurawa ana juyawa har abu ya fito. Ni dai ban taɓa gani ba. Abin da na gani shi ne ɗan tulu shuɗi mai siririn wuya da ta kawo mini Tudun Wada, naɗe cikin ɗankwalinta, ga tabon ƙuna a bayan hannunta.

"Inna, tulun zuba furanni ne," in ji ta.

Mu nan fure na kabewa ne da kuɓewa, ba mai tsinke shi. Sai na ɗora tulun a kan kabad, gaban kwanukana, inda hantsi ke shigowa. Duk wadda ta leƙo sai ta tambaya. Nakan ce, "Aikin yarinyar nan ne," in kau da kai, don 'yar fari ba a yabonta a gaban mutane.

Akwai ƙawata ta rugar Burumburum, Goggo yaran gidanmu ke ce mata, wadda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare. Da za a aurar da ƙanwarta, ta aiko aron tulun don jere. Na kasa hanawa. Bayan biki ya dawo lafiya, amma cike da soyayyen man shanu, ya daskare har wuya. Ba a mayar da kwanon mutum babu komai, ita kuwa kwano ta ɗauke shi.

Cokali ba ya shiga. Ina cikin tunanin yadda zan kwashe, sai ga yarinyar ta zo hutu. Tsorona kada ta ga mun mai da aikinta gwangwanin mai, ta daina kawo mana komai.

Ta ɗaga tulun saitin rana, man ya yi kore-kore a cikin shuɗin. Ta daɗe tana kallo.

"Bai yi yoyo ba, Inna?"

"Ko ɗigo."

"To yaya kuke ɗiba?"

"Wa ya ɗiba? Ke da kika yi masa wuya kamar na zalɓe."

Ta yi dariya, ta ajiye shi a rana har man ya narke, muka tsiyaya a kan tuwo. Tana ci tana gwada bakin tulun da yatsa.

"Ki tambayo mini faɗin ludayin Goggo," ta ce. "Na gaba nata ne."