Hanyar Santambul a Bakin Kaka

Rubuta yadda na faɗa, Malam, kada ka gyara. In na yi kuka ka jira ni.

Muna yara, ɗakinmu na kara ne a gefen Makka, wajen da yanzu ake kira Hindawiyya. In an gama tuwon dare, Kaka Gambo, mahaifiyar babana, takan tura itace cikin murhu ta ce, "Ga wata ta zo da jiƙaƙƙiyar ƙafa." Mu ce, "Ta shigo ta bushe." Daga nan mun san ta Santambul ce, birnin Turkawa.

Wai wata baƙuwa ce ta shiga jirgin ruwa a Jidda, da 'yar kurciya a cikin majanyinta. Suka yi ta tafiya har ƙasa ta ɓace, sannan birni ya fito, masallatai a kan tudu kamar an kife ƙwarya. Kaka ba ta gaggawa a nan. "In ka sauka, akwai gada mai lilo a kan ruwa. Kada ka haye ta. Ka sauka ƙarƙashi wajen masu kwalekwale, ka zauna a ƙasan jirgin, kada ka miƙe, don ruwan nan ba ya son mai rawar kai." Sai ta dubi yayana Sale ta ce, "Kai dai da tuni kifi ya ci rabonsa." Mu yi ta dariya.

Kwalekwalen zai bi ruwan har inda ya tsuke, wajen kabarin wani sahabi. Daga nan sai hawa. Akwai famfon dutse da kofin tagulla ɗaure da sarƙa, a sha a bi hagu. Akwai dogayen itatuwa baƙaƙe masu tsini, bayansu kuma ɓaure guda ɗaya. A nan sanyi ya kama kurciyar, ƙanƙara na zuba kamar auduga, baƙuwar ta kwantar da ita gindin ɓauren ta rufe ta da majanyi.

"Kaka, ta koma ta ɗauko ta?"

"Wuta ta mutu. Ku kwanta."

Sauran tatsuniyoyinta duk tana rufe su. Wannan ba ta taɓa rufewa ba, kuma ba ta taɓa canza ko lungu ɗaya ba. In wani ya ce dama a wajen famfon, sai ta daka masa tsawa, har mu yi mamakin zafin.

Sai da ta kwanta ciwon ajali, ina budurwa, ta gaya mini. Tana ƙuruciya ta yi raino a gidan wani hafsan Turkawa, suka tafi da ita birninsu da jaririyar da ta haifa goye a baya. Yarinyar ba ta ga ƙarshen sanyin farko ba. Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Ba a sa dutse a kabarinta ba, Ladi. Hanyar kawai nake da ita. Wani ya je ya yi mata sallama."

Na ba maigidana labarin a farkon aurenmu. Ɗan dako ne, yana ɗaukar tsofaffin alhazai a kafaɗa wajen ɗawafi. Ya haddace hanyar tsaf. In ya ɗauki Baturke sai ya dawo yana cewa, "Na tambaya, gadar tana nan. In shaa Allah baɗi, Ladi." Ba mu da takardar fita ko ta zama, shi ma ya sani, ni ma na sani. Amma kowace shekara sai ya ce baɗi, ni kuma in ce Allah ya kai mu.

Bana a Mina, ina sayar da shayi, na samu wata tsohuwar Baturkiya da ke jin Larabci. Na karanta mata hanyar. Ta yi ta gyaɗa kai, gada, kwalekwale, hawan tudu. Da na zo kan ɓaure sai ta ce tudun ya cika da kaburbura, ɓaure kuma ba ɗaya ba ne. Na ƙudura in gaya wa maigida bayan aikin hajji. Kafin in samu bakin faɗa, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Maza suka fita da shi. Ka san a nan mace ba ta shiga maƙabarta, kuma ba a sa alama. Na tambayi Sale inda suka sa shi, ya ce, "Can ciki, ta hagu." Iyakar abin da na samu ke nan.

Yanzu da dare nakan ji bakina yana motsi: a fita lungu, a wuce mai burodi, a bi katanga har ƙofar ƙarfe, can ciki ta hagu. Ashe abin da Kaka take yi ke nan a bakin murhu, mu muna dariya.

Jikokina Larabci suke ji, tatsuniya ba ta zaunar da su. Shi ya sa na kira ka. Ka rubuta gadar, da famfon, da hagu. Wanda Allah ya kai, ya tsaya gindin kowane ɓaure ya samu ya yi sallama. Sunan yarinyar Hajara.