Ranar da Hedimastanmu Ya Miƙe Tsaye

Edita, ina yi maka sallama tare da duk mai karanta wannan mujalla. Ni tsohon malamin firamare ne a nan Gombe, na daɗe da ajiye alli. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, saurayi ne ni ɗan shekara ashirin da uku, ban jima da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ina da sabon keke da agogon hannu da wando mai faɗin ƙafa irin na yayin zamanin, kuma a ganina duk makarantarmu babu wanda ya kai ni Turanci. Gidanmu tsohon gida ne a garin. Kakana ma'aikacin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta wancan lokacin, mahaifina kuma yana da gonaki a hanyar Kwadon, saboda haka na tashi ina jin Gombe tamu ce, sauran jama'a zuwa suka yi. Ban taɓa furta haka da bakina ba, amma abin da ke raina ke nan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma laifin da ke cikin labarin nawa ne ni kaɗai.

Shekarar ita ce wadda gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, arzikin mai ya shigo, ana ta gina azuzuwa amma yara sun fi ginin sauri. Ajina na 'yan aji ɗaya a gindin dalbejiya yake, allon jingine da jikin itacen. Hedimastanmu dattijo ne Bafulatani, siriri, mai magana a hankali, kowa Baffa yake ce masa, har mu malamai. Shi ya koyar da rabin manyan ma'aikatan garin, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi asalinsa ba, don kowa ya ɗauka ɗan gari ne tun kaka da kakanni. A ranakun ɗaukar yara yakan sa tebur a baranda ya buɗe rajista. Kusan babu mai takardar haihuwa a lokacin, sai a ce yaro ya ɗora hannunsa ta saman kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In hannu ya kai, Baffa ya tambayi suna ya rubuta. Iyakar tambayarsa ke nan.

A waɗannan shekaru akwai mutanen da fari ya koro daga Chadi da Nijar. Sun kafa bukkoki a gonakin Tumfure, wadda a lokacin gona ce zalla, babu waɗannan gidaje da ake gani yanzu. Mazansu suna leburanci a wurin gurzar auduga, wasu suna haƙa rijiya, matan kuma suna surfe a gidajen mutane. Ba su da wata takarda ta shigowa ƙasa, kuma tsoron duk mai kaki suke yi. Baffa da kansa ya hau kekensa ya je wurinsu, ya yi ta lallashi har suka ba shi yara goma sha wani abu. A cikinsu aka kawo mini wata yarinya 'yar Chadi, ta kai shekara tara, ta fi 'yan ajin tsawo, Hausarta ba ta nuna ba. Babanta mahaƙin rijiya ne. Cikin wata biyu ta wuce kowa a lissafi, har in na juya ina rubutu sai in ji tana yi wa na kusa da ita bayani da yatsu. Ita ce take fara zuwa, ta share gindin itacen ta goge allo kafin in iso. Ta ɗauke ni wani babban mutum. In na yi magana, ko ƙiftawa ba ta yi.

Abin da ya ɓata mini rai ƙaramin abu ne. Yayana ya kawo ɗansa, hannun yaron bai kai kunne ba, Baffa ya ce a bari sai baɗi. Na same shi a ofis na roƙe shi, ya yi murmushi ya ce yaron bai isa zama a aji ba, wahala kawai zai sha. Gaskiya ya faɗa, amma ni abin da na gani shi ne an mayar da ɗan gidanmu, ga kuma 'ya'yan mutanen da ko takarda ba su da ita suna zaune a gabana. A gida aka riƙa yi mini tsiya, wai ina malami a makaranta amma na kasa sa ɗan ɗan'uwana. Wata Asabar da hantsi na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilimi da Turancina mai kyau. Na ce hedimasta yana cika makarantar gwamnati da baƙin haure yana korar 'yan ƙasa. Na karkatar da rubutuna don kada a gane, ban sa suna ba, na jefa a gidan waya. Har wani daɗi na ji a hanyar dawowa, ina ganin kishin ƙasa na yi.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Talata, sai ga motar ofis ta tsaya a bakin makaranta. Sufeton makarantu ne ya fito, mutum mai matsakaicin shekaru, da fayil a hammata. Ya shiga ofishin Baffa suka daɗe, sannan aka kaɗa ƙararrawa aka tara yara duka a fili, aka zaunar da su a ƙasa aji-aji. An kawo kujeru biyu, ɗaya ta sufeto ɗaya ta Baffa, mu malamai muna tsaye a bayan yaranmu. Sufeto ya yi gyaran murya ya ce duk yaron da ya san iyayensa ba 'yan Nijeriya ba ne, ko ba a ƙasar nan aka haife shi ba, ya tashi tsaye. Yarinyar nan ta juyo ta dube ni, irin duban da yaro yake yi wa malaminsa in bai san amsa ba. Na kau da kai. Ta gefen ido na ga ta dafa ƙasa za ta tashi.

Kafin ta ɗaga, Baffa ya miƙe daga kujerarsa. Ya gyara hularsa ya tsaya ƙyam, hannuwansa a gefe kamar ɗalibi. Sufeto ya ce masa ya zauna abinsa, da yara yake. Sai Baffa ya ce, “Ranka ya daɗe, ka ce wanda ba a ƙasar nan aka haife shi ba ya tashi. To, ni ne na farko.” Ya ce a ƙasar Kamaru aka haife shi, mahaifiyarsa ce ta goyo shi suka ƙetaro lokacin da ake kama maza aikin tilas, bayan an tafi da mahaifinsa bai dawo ba. Ya ce wani malamin elementare ne ya gan shi yana kiwon awakin mutane ya kama hannunsa ya kai shi aji, bai tambaye shi takarda ba, kuma har ranar da yake maganar nan shi bai mallaki wata shaida da ta nuna inda aka haife shi ba. Duk wannan da Hausa ya faɗa, a hankali, yadda ƙaramin yaro ma zai gane.

Abin da ya biyo baya, har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. 'Yan aji shida ne suka fara miƙewa, sai na biyar, sai sauran, har 'yan ajina. Cikin ɗan lokaci babu yaro ko ɗaya a zaune, 'ya'yan Fulani da Tangale da Tera da Waja da Barebari, da 'ya'yan Yarbawa da Inyamurai ma'aikatan jirgin ƙasa, duk suna tsaye. Na sha tambayar kaina ko sun fahimci abin da ake ciki, ko kuwa tarbiyya ce kawai da aka yi musu cewa ba a zama in hedimasta yana tsaye. Ban san amsa ba. Abin da na sani shi ne yarinyar nan ta tashi a cikin ɗaruruwan yara, babu mai iya nuna ta. Wata malama Kirista 'yar Kaltungo da ke kusa da ni tana share hawaye da bakin ɗankwalinta. Sufeto ya daɗe yana dubansu, sannan shi ma ya tashi, ya rufe fayil ɗinsa. Na ji Baffa yana ce masa umarnin da aka ba shi shi ne ya ɗauki duk yaron da ya isa karatu, ba a naɗa shi mai gadin kan iyaka ba. Sufeto ya yi masa sallama da hannu biyu ya shiga mota.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan, ashe ɓarnar ta riga ta auku. Yaran sun koma gida sun ba da labari, jita-jita ta bazu a bukkokin cewa an zo ɗaukar sunaye za a ba 'yan sanda. Washegari babu ko ɗaya daga cikin yaran Tumfure a makaranta. Na iso na tarar da ganye a gindin dalbejiya, allon da rubutun jiya. A ƙarshen zangon kuma takarda ta zo, an mayar da Baffa wata ƙaramar makarantar ƙauye can gaba da Kwadon. Ba a ce hukunci ba ne, amma kowa ya gane.

Ranar da yake kwashe littattafansa na kasa daurewa. Na shiga ofis na durƙusa na ce masa ni ne na rubuta wasiƙar. Bai daina ɗaure littattafan ba. Ya ce ya sani tun lokacin da sufeto ya nuna masa ita, domin duk mako yana duba littafin shirin darasina, kuma mutum yana iya karkatar da rubutu amma ba ya iya canja yadda yake ɗaure jimla. Wato ke nan duk makonnin nan da yake amsa gaisuwata, yana tambayar lafiyar mahaifina, har ya sa sunana cikin masu tafiya kwas, ya san komai. Na fashe da kuka ina neman gafara. Ya ce, “Tashi, ɗana. Ni ba ka yi mini komai ba, ƙauye ma yara ne a cikinsa. Waɗanda ka yi wa suna Tumfure. Je ka ka dawo da su.”

Da la'asar ɗin nan na hau keke na tafi. Na yi kwana da kwanaki ina zarya, ina shiga bukka-bukka, ina rantsuwa cewa babu wanda zai taɓa su. Da ƙyar na samu bakwai suka dawo. Bukkar mahaƙin rijiyar kuwa a buɗe na same ta, babu ko tabarma. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta ce kwana biyu da zuwan motar ofis ya kwashe iyalinsa suka hau babbar mota ta wajen Maiduguri, bai faɗa wa kowa inda za su sauka ba. Ta tambaye ni ko ni ne malamin yarinyar. Da na ce ni ne, ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a tsumman zane. Littafin karatu ne na makaranta da na ba ta aro. Tsohuwar ta ce yarinyar ta yi ta kuka, ta ƙi hawa mota sai da aka yi mata alkawarin za a mayar wa Malam littafinsa, kada ya ce ta gudu da kayan makaranta, kuma a gaya masa ta gode. Na karɓa na juya gida. Na yi cigiya a tasha, na aika saƙo ta hannun direbobi, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Baffa ya yi sauran shekarun aikinsa a ƙauyen nan, na riƙa kai masa ziyara har Allah ya karɓi ransa, kuma bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Na yi karatu bayan haka, na ga manyan malamai, na riƙe makarantu da kaina, amma ban sake ganin mutum irinsa ba. Shekaru masu yawa yana da mutunci a garin nan a matsayin ɗan asali, babu abin da ya tilasta masa ya tona kansa, amma ya ajiye duk wannan a gaban yara da malamai don kada yarinya ɗaya ta tsaya ita kaɗai. Ni kuma da nake taƙama da asali, da shafi guda na raba yarinyar da karatu, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwarta.

Abin da na koya shi ne yaro ba shi ya zaɓi inda za a haife shi ba, ba shi ya ƙetare iyaka ba, ɗauko shi aka yi. Maganar takarda tsakanin manya ce da hukuma, kuma akwai waɗanda aikinsu ke nan. Malami aikinsa ya koyar da wanda ya zauna a gabansa. Ina kira ga matasan malamai da ma'aikatan ofis da ke riƙe da rajista a yau, ku yi hattara da haushin gida, domin yakan zo wa mutum da kamannin kishin ƙasa har ya kasa bambancewa. Kafin ka rubuta ƙorafi a kan wani, ka tambayi kanka wa zai fi cutuwa, don sau da yawa ba wanda ka nufa ba ne. Ni Baffa ya yafe mini tun ban roƙa ba. Wadda nake bukatar yafiyarta kuwa ban san ko tana raye ba, kuma in tana raye, har yanzu tana ɗauka ni mutumin kirki ne.