Kwano Uku a Guangzhou

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, kamfani ya sayi sabon inji daga ƙasar Sin, aka ce mutum biyu za su je Guangzhou su koyo sarrafa shi. Aka zaɓe ni da abokina, wani ɗan Filato. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga Jigawa, in dai ba tuwo na ci ba, ban ci abinci ba. Mahaifiyata ta ɗaure mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ka kula da bakinka, an ce mutanen nan ba abin da ba sa ci."

Na kuwa riƙe maganar gam. Kwana shida ana kiranmu cin abinci ina cewa na ƙoshi, sai in koma ɗaki in jiƙa gari. Ashe dattijon injiniyan da ke koyar da mu shi ke zaɓo mana abincin da kansa, ya ɗauka raina shi na yi. Ya daina kallona. Abokina yake nuna wa komai, ni ina tsaye kamar gungume.

"Malam," in ji abokina, "in muka koma ba ka iya injin nan ba, ba ni za a yi wa dariya a Sharaɗa ba fa."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Na sami tafinta, na gaya wa dattijon tsorona: ban san yankan wa zan ci ba. Ya yi dariya har da tari. Da rana ya kai mu wani gidan abinci, a ƙofa an rubuta halal da Larabci. Mai girkin, da farar hularsa, ya yi mini sallama. A gabana ya ja kwaɓin fulawa, ya naɗe, ya sake ja, har ya zama taliya, ba injin murji ba komai. Aka zubo ta cikin romon naman sa mai yaji. Wallahi loma ɗaya na yi na fara jin kunyar garin kwakina.

A gidanmu ba a barin abinci, an ce albarka a ƙarshen kwano take. Na shanye har romon. Dattijon ya leƙa kwanon, ya ɗaga hannu, aka kawo wani. Na cinye. Aka kawo na uku. Ina gumi ina ci, shi yana tafa hannu, abokina ya kife kai a tebur don dariya. Sai tafinta ya raɗa mini, "A nan in ka suɗe kwano, cewa kake mai gida bai ƙosar da kai ba. Rage kaɗan mana!"

Na ce, "Sai yanzu za ka gaya mini?"

Duk da haka da aka kawo kayan zaƙi ban ja baya ba. Wasu fararen dunƙulen garin shinkafa ne kamar ƙananan dawo, cikin ruwan citta mai ɗumi. Ina cizawa sai baƙin riɗi ya kwararo, ɗanɗanon kantu sak. Na ce a gaya wa dattijon riɗi mahaifina ke nomawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tura mini nasa kofin.

Washegari ya kamo hannun rigata, ya ɗora yatsuna a kan maɓallan injin ɗaya bayan ɗaya. Da muka dawo Sharaɗa, ni na tayar da injin a gaban kowa, bai ko yi gardama ba. Ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba don murna.

Har yau in na tuna, nakan yi mamakin yadda na kusa zubar da aikina saboda tambaya ɗaya da na ji nauyin yi. Da na je gida, mahaifiyata ta ga rabin garinta ya dawo, ta ce, "To me ka ci a can?"

Na ce, "Inna, halal na ci, kuma ko loma ban bari ba."