Birkin Suruki

Ja-Mu-Gani ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shekara talatin yana walda a rumfa ɗaya, bai taɓa sallamar aiki bai gwada shi da jikinsa ba. In ƙofa ya haɗa, sai ya yi lilo a jikinta. In kujera ce, sai ya hau ya yi tsalle, mai kujera na tsaye yana salati. Ga shi da tsadar magana, ga taurin kai.

Babbar 'yarsa tana auren wani direba mai tsohuwar a-kori-kura, irin wadda bel ɗin ɗaure cinya kawai ta zo da shi. Da cikinta ya kai wata bakwai, likita ta ce kada ta ƙara shiga motar sai an sa na kafaɗa. Mijin ya sayo bel wurin masu tsofaffin kayan mota, ya huda ginshiƙin ƙofa da kansa, ya ɗaure noti. Nauyin kai wa suruki aiki ne ya hana shi zuwa rumfar. Sai da ya gama, sannan ya biyo gaisuwa.

Tsohon yana amsa gaisuwa, idonsa na kan notin. Fenti ya rufe wurin tas, amma ya san abin da fenti ke ɓoyewa a motar da ta girmi mai ita. Ya shiga ya zauna a mazaunin 'yarsa, ya ɗaura bel ɗin.

"Ja mu je. In na ce taka, ka taka birki."

Suka hau layin bayan rumfar, inda babu kowa. Tsohon ya ce taka. Direban ya tsaya a hankali, kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka dai.

"Wannan birki ne ko gaisuwa?"

"Baba, ai ba zan iya wujijjiga ku ba."

"Wanda zai faɗo gabanka a titi ba surukinka ba ne. Ƙara wuta. Taka!"

Ya taka. Notin ya fizge daga ginshiƙin, goshin tsohon ya daki gilashi.

Direban ya rikice, sai sannu yake jerawa. Ja-Mu-Gani bai kula shi ba. Ya lalubo notin a ƙarƙashin kujera, ya murje tsatsar da ta biyo shi tsakanin yatsu, jini na sauka kan girarsa.

"Tun yaushe 'yata take shiga?"

"Kwana huɗu ke nan, Baba."

Nan ne tsoro ya kama tsohon. Ya zare makullin motar ya jefa a aljihu.

"Koma gida a ƙasa. Sai na yanke wurin nan na sa sabon ƙarfe. Gobe ka rako ta, in auna kafaɗarta."